Kwana Tara da Safiya Ta Yi a Ƙirjinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habiba, wadda ke kwance a maƙabartar Sokodé,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima, kuma addu'o'in da muke yi suna isa gare ki. Ni ce Ramatu, wadda kika fi kira Ajuji. Ina rubuto miki daga Dapaong, shekara goma sha ɗaya bayan tafiyarki. Na san ba ki taɓa karanta boko ba, na kuma san inda kike ba a kai wasiƙa. Zan dai ɗora ta a waya, duk wanda ya karanta ya sa ki a addu'a. Sunayen na sauya su, amma ke ai kin san kowa.

Inna, jikarki Safiya za ta yi aure. Isifu ɗan Yaya Mumuni ne zai aure ta. Da kina raye, da guɗarki ta tashi mutanen unguwarki Kpangalam daga barcin rana. Babu wanda ya haɗa su, su suka haɗa kansu a waya, shi yana koyarwa a firamare a Sokodé, ita tana kan kekenta na ɗinki a nan. Shekarunta ashirin da huɗu, ba yarinya ba ce. Kowa murna yake, ni kaɗai ce abinci ya daina yi wa daɗi. Dalili kuwa shi ne an auna jininsu su biyun, an ce kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon da ya kwashe miki 'ya'ya huɗu.

Na san za ki ce wane ciwo, ai wabi ne. Haka aka gaya miki, haka kika tafi da shi. Ki ba ni dama in ba ki labarin yadda ya zo mini.

Mu shida kika haifa, ni da Yaya Mumuni muka rage. Sani da Lami ban san su ba sai a bakinki. Bawa na san shi kaɗan. Nuhu kuwa, autanki, ni na yi goyonsa. Ina tuna yadda hannuwansa ke kumbura kamar an hura, idonsa ya yi ɗorawa, in damina ta yi sanyi ya dinga ihu ko zane bai son ya taɓa shi. Ke kuma ki dafa ganye, ki gasa masa jiki, ki koma kan kaskon ƙosai da jajayen idanu, masu saye su ɗauka hayaƙi ne.

Su Gwaggo, 'yan'uwan Baba, sun gama yanke hukunci tun a kan Lami. Suka ce ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa don ya wahalar da ke. Aka tsaga wa gawarta kunne don a gane ta in ta dawo. Ni da aka haife ni aka kai ni kan juji aka ajiye, wata tsohuwa ta tsince ni, wai don a nuna ba a damu da ni ba ko na zauna. Na zauna kuwa, suka ce kun gani, magani ya ci. Ranar da aka haifi Nuhu, kafin a ce miki barka, sai da Gwaggo ta juya kansa ta duba kunnuwa.

Kin sha rubutu har haƙoranki suka yi duhu. Kin je wurin masu saiwa a ƙauyukan Kotokoli, kin sha abin da ko akuya ba za ta shinshina ba. In an tambaye ki sai ki ce, “Hannuna ne ba shi da riƙo.” Tun ina jin haushin wannan magana har na girma na yarda da ita.

Bara, ranar kasuwar Naki-Est, na kai atamfa kamar yadda na saba. Sai aka ce wata mota ta zo ƙaramin asibitin garin, ana auna jini kyauta. Kin san halinmu da abin kyauta, ko allura ce sai mun miƙa hannu. Na bar wa maƙwabciyata kaya na shiga layi ina raha. Aka soki yatsana, aka ce in jira. Da aka kira ni, sai aka zaunar da ni gaban wata ma'aikaciya 'yar Bombouaka, kowa Madam yake ce mata. Hausarta irin ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta.

Ta ce jinina AS ne, ba ciwo ba ne, amma ina ɗauke da rabin sikila. Sai ta ɗauko farar takarda ta fara tambayar danginmu. Mace ta zana mata da'ira, namiji ta zana masa akwati. Ta zana ki, ta zana Baba, ta ja layi ta jero mu shida a ƙarƙashi. Ta tambayi waɗanda ke raye. Da na faɗa, sai ta ja wa huɗu layi a karkace, ɗaya bayan ɗaya. Inna, ban taɓa ganin mu shida a wuri guda ba sai a kan wannan takarda.

Ta tambayi yadda suka tafi, na ba ta labarin hannun Nuhu da idonsa. Ta ce ba za ta rantse a kan wanda ba ta auna ba, amma alamun sun yi kama sosai. Sannan ta ajiye biro ta dube ni ta ce, “Maman, uwa naka bai yi komai ba. Wannan ciwo, rabi daga baba, rabi daga uwa. In ba biyu ba, yaro ba ya samu.”

Na yi kuka a gaban matan kasuwa, ni da nake wa mutane dariya in sun yi kuka a biki. Shekara nawa kika yi kina sunkuyar da kai a gidan nan, kuma babu wanda ya taɓa kallon Baba? Ba na zarginsa, shi ma bai sani ba, Allah ya jiƙansa. Amma kayan mutum biyu ne kika ɗauka ke kaɗai har kabari. Maganar da za ta sauke miki shi ba ta fi numfashi ɗaya ba, kuma sai da ta makara da shekara goma kafin ta iso.

Madam ta sa goro huɗu a ƙwarya, uku fari ɗaya ja, jan shi ne yaro mai ciwon. Ta ce in rufe ido in ɗauka. Na ɗauko fari. Ta karɓa ta mayar, ta girgiza, ta ce in sake. Ta ce haka kowane ciki yake idan uwa da uba duk AS ne, kullum goron huɗu ne a ciki, ƙwarya ba ta tuna abin da aka ɗauka jiya. Wani ya ɗauki fari sau goma, wani ya ɗauki ja sau uku a jere. Ta ce in kawo iyalina a auna su kafin motar ta tafi.

Washegari na kai maigidana Alasani da Safiya. Shi AA ya fito, wato sa'a kawai na yi, ba wayona ba. Safiya ta fito irina. A lokacin maganarta da Isifu ta riga ta yi nisa, don haka na sa ta gaya masa. Yaron kirki ne, bai yi gardama ba, ya je babban asibiti a Sokodé ya yi, ya ɗauki hoton takardar ya turo. Ban iya Faransanci ba, amma waɗannan haruffa biyu yanzu ko daga nesa ina gane su.

Na shiga mota takanas zuwa Kpangalam da takardun a jaka. Na sami Yaya Mumuni ya dawo daga mahauta yana wanke wuƙaƙe. Kin san ɗanki, in ya kafe ko jaki ya san da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Shekara talatin ina yanka, ban taɓa ganin jini mai harafi ba.” Na yi masa misalin goro. Ya ce, “Ɗaya cikin huɗu? To su haifi uku su tsaya.” Na ce Inna ta haifi shida huɗu suka tafi, ina lissafinka ya shiga? Ya ce wannan wabi ne, in daina haɗa aikin Allah da takardar lopital, wato asibiti. Ya ƙara da cewa in dai ɗansa ne bai kai ba, in fito fili in faɗa.

Wannan ce ta karya ni. Mu biyu kika bari, Inna. In na ce a'a kai tsaye, na raba gidanki biyu. Alasani kuwa ya tsame hannunsa, ya ce ɗan yayana ne, shi ba zai zama sanadin yanke zumunci ba.

Na ce to bari in nemo Madam, ita ta san yadda ake faɗa a ji. Na koma Naki-Est kasuwa uku a jere, aka ce motar ba ta da rana, sai an ga ta zo. Da ƙyar na same ta sau ɗaya a Dapaong, tana shirin tafiya wani ƙauye. Na roƙe ta ta hana auren. Ta ce, “Aiki nawa in faɗa gaskiya ne, ba in hana ba.” Ta ce in yaran sun zo za ta zauna da su, kuma ko sun yi auren, jaririn da aka auna da wuri aka kula da shi yana rayuwa, ba kamar zamanin da ba. Na ce a ina ake wannan kulawar? Ta ce an fi samu a Lome. Safiya ta je ta zauna da Madam, ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe. Da ta fito sai ta ce, “Mma, Allah ke rayawa.” Gaskiya kuwa ta faɗa. Ita dai ba ta taɓa riƙe yaron da zane ke sa shi ihu ba. Isifu kuwa ranar da ya sami hutu ya zo, Madam ba ta gari. Har yau ba su haɗu ba.

Ana nan sai wata mai sayen atamfa ta ba da labarin wani aure da aka fasa a Mango saura kwana uku, saboda wata tsohuwa ta tuna ango da amarya sun sha nono ɗaya. Ta ce babu wanda ya ɗaga murya, aka mayar da kaya, aka ci gaba da zumunci. Ina auna mata yadi hannuna ya tsaya. Na tuna haihuwar Safiya.

Kin tuna, gida na zo haihuwar fari kamar yadda ake yi. Kwana biyu da sauka zazzaɓi ya kayar da ni, nonona ya ƙafe, na yi kwana tara ban san inda kaina yake ba. Lokacin Nuhu bai cika shekara da rasuwa ba, kuma da nono a bakinsa ya tafi. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne. Nakan buɗe ido in gan ki a kan tabarma kin juya mini baya, jaririyar tana cikin mayafinki, ta yi tsit. Sau ɗaya na yunƙura, kika ce, “Kwanta, ba ruwanki.” Na kuma tuna gwangwanin madara da ƙaramin cokali a kan taga. Bayan na warke ban tambaya ba, ke ma ba ki faɗa ba. Wa zai tambayi uwarsa irin wannan?

Na je wurin malamin unguwarmu, na ce wata ƙawata ce ta aiko ni. Ya ce shayarwa tana haramta abin da haihuwa ke haramtawa. In kaka ta shayar da jikarta, ko sau ɗaya ne, in dai nono ya shiga cikinta, to jikar ta zama 'yarta, ta zama ƙanwar 'ya'yanta, ɗan kawunta ya zama ɗan ɗan'uwanta, babu aure. Amma in busasshe ne aka ba ta don ta yi shiru, wannan ba komai. Ya ce in uwa ta faɗi haka kafin a ɗaura, abin da ya fi shi ne a bari. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce in gaya wa ƙawar tawa ta ji tsoron Allah, kada ta haramta abin da Allah ya halatta. Ina jin ya gane ƙawar.

Kin ga inda na tsaya. Takardar asibiti a gidanmu ba ta kai nauyin ganyen ƙunsa nama ba. Amma in aka ce nononki, Yaya Mumuni ba zai ƙara ko kalma ba, shi da har yau in ya ambace ki sai ya cire hula. Babu wanda zai ji an raina shi. Abin da ya rage kawai in sani, nonon ya zo miki ko bai zo ba?

Na sake komawa Sokodé wurin Iya Adiza, maƙwabciyarki da ta yi mini wankan jego. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka shiga ɗakin nan. Na same ta a zaune a rana ta zama kamar tsumma. Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe hannuna ta kira ni da sunanki. Na tambaye ta haihuwar Safiya. Ta yi murmushi ta ce, “Wace Safiya?” Sannan ta tambaye ni ko ƙosai ya saura. Da na fito na bi ta bayan katangar maƙabarta, na tsaya na yi miki sallama. Na daɗe a wurin, har wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko lafiya.

Ranar Asabar da ta wuce Yaya Mumuni ya zo Dapaong da mutanensa, da ƙwaryar goro, a sa rana. Kafin su zauna na ce ina son ganinsa a ɗaki, shi da Alasani. Na riga na shirya maganar, na maimaita ta a hanya da wurin wanki har ta zauna a bakina. Safiya tana baranda a kan keke, labule kawai ke tsakaninmu. Na ce, Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa ba, Inna ta sa Safiya a nono kwana tara. Sai na ji keken ya tsaya.

Ɗanki ya cire hula ya riƙe a hannu. Fuskarsa ta sauya, na ga ya tsufa a gabana. Bai yi faɗa ba. A hankali ya ce, “Ramatu, in haka ne magana ta ƙare, yanzu zan kwashi mutanena. Abu ɗaya zan tambaye ki, tsakaninki da Allah. Kin ga nono da idonki?”

Inna, kalma ɗaya ce. Na buɗe baki da niyyar in ce na gani. Sai na ga kamar zan ɗora miki wani kayan ne kuma, ke da aka yi ta faɗa a kanki abin da ba ki yi ba, kina raye ba ki da bakin musu, yanzu ma ba ki da shi. Na ji kaina ina cewa, ban gani ba, bayanki kawai na gani. Yaya ya sauke numfashi ya mayar da hularsa. Ya ce kakanni ai duk suna yin haka don yaro ya yi shiru, kuma ba a rushe aure da wataƙila. Suka fita, aka yi addu'a, aka raba goro. An sa rana bayan Babbar Sallah.

Na ɗauka Safiya za ta yi fushi da ni, na ma shirya wa hakan. Bayan la'asar baƙi sun tafi, ina tsugune ina wanke kwanuka, ta zo ta tsuguna kusa da ni tana ɗauraya. Muka ci gaba har muka kusa gamawa. Sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Mma, da kin ce kin gani, da na huta.”

Ashe ita ma tsoro take ji. Ashe duk wannan “Allah ke rayawa” da take yi, jira take wani ya ɗauke mata zaɓin, don ba za ta iya kallon Isifu ta ce ta fasa ba, ba kuma za ta iya daina son sa ba. Na ce to ki faɗa da bakinki, ni zan tsaya a bayanki. Ta girgiza kai, ta kife kwanon ƙarshe, ta koma kan kekenta. Magana kuwa zarar bunu ce. In na dawo gobe na ce na tuna, na gani, ko Alasani ba zai yarda ba.

To ga ni, Inna. Ban yi miki ƙarya ba, ban kuma san ko na kyauta wa 'yata ba. In nonon ya zo, na bar su za su shiga abin da Allah ya hana. In bai zo ba, na bar ta za ta shiga abin da kika shiga, ita kuma da idonta a buɗe. Ke kaɗai kika san amsar, kin kuma tafi da ita. Ba na jin haushinki, Innata. Yunwa kika gani a bakin jaririya, kika yi abin da uwa ke yi. Kewarki kawai nake ji, irin wadda ban ji ba ko a ranar da aka fita da ke.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya haɗa ki da Sani da Lami da Bawa da Nuhu a inda babu ciwo. Allah ya yafe wa Baba da su Gwaggo, ba su sani ba. Allah ya kai masu auna jinin nan kowane ƙauye tun yara ba su fara son juna ba. Safiya kuwa, wallahi na ɗaga hannu na rasa abin da zan roƙa mata, a ɗaura ko a fasa. Na ce dai Ya Allah, kai ka ga abin da ke cikin mayafin nan, ka zaɓa mata, ni na kasa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga kasuwa ni da ita, ta ce in raka ta zaɓen kwanukan aure.

Taki har abada,
Ramatu Ajuji,
Dapaong.